Wendell Scott: Direban da Aka Hana Kofinsa

Idan ka ji an ce tseren motoci, wataƙila abin da zai faɗo maka a rai shi ne ƙananan motocin nan masu kama da kibiya. Amma a Amurka akwai wani tseren dabam, wanda a farkonsa aka riƙa yin sa da motocin da kowa zai iya saye a kasuwa, sai dai a yi musu gyara don su ƙara gudu. Hukumar da take kula da shi ita ce NASCAR, wadda aka kafa a 1948. A wannan darasi za ka karanta tarihin ɗaya daga cikin direbobinta na farko-farko.

An haifi Wendell Scott a garin Danville na jihar Virginia a 1921. Baƙar fata ne, kuma a lokacin dokokin kudancin Amurka sun raba baƙi da farare a makarantu da otal-otal da gidajen abinci. Tun yana yaro ya koyi gyaran mota a wurin mahaifinsa. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan Amurka a Turai. Da ya dawo gida, sai ya buɗe gareji. Ya kuma taɓa yin fasa-ƙwaurin giya da dare, kamar wasu direbobin tsere na zamaninsa, kuma a nan ne ya gwanance da gudu.

Ya fara tsere a farkon shekarun 1950, a filayen ƙasa masu ƙura. A 1961 ya shiga babbar gasar NASCAR. Ka lura da wani abu: manyan direbobi suna da kamfanonin mota da suke ɗaukar nauyinsu, shi kuwa ba shi da kowa. Tsofaffin motoci yake saye ya gyara da hannunsa, 'ya'yansa maza kuma su ne masu canza masa taya da zuba mai. Wani lokaci ma shi da kansa yakan fito daga mota ya yi gyara, sannan ya koma cikin tseren.

Ranar 1 ga Disamba, 1963, aka yi tsere a Jacksonville ta jihar Florida. Zagaye 200 aka tsara. Scott, a cikin motarsa ƙirar Chevrolet mai lamba 34, shi ne ya fara kammalawa, amma ba a ɗaga masa tutar nasara ba. Ya ci gaba da gudu har ya ƙara zagaye biyu. Sai aka sanar cewa Buck Baker, wani farar fata, shi ne ya ci, aka miƙa masa kofi. Scott bai yarda ba, ya nemi a sake lissafi. Bayan 'yan kallo sun watse, alƙalai suka amince cewa shi ne ya yi nasara, suka ba shi kuɗinsa. Kofi kuwa ya riga ya tafi. Hukuma ta ce kuskuren lissafi ne. Mutane da yawa sun ce ba a so ne a ga baƙar fata ya tsaya kusa da sarauniyar kyau, farar fata, wadda ta saba miƙa kofin. Ko ma mene ne dalili, kuskuren zagaye biyu ba ƙarami ba ne.

Wannan ce nasararsa ɗaya tak a babbar gasar, duk da cewa ya shiga tsere 495, ya kuma zo na shida a jimillar maki a 1966. Mummunan haɗari a filin Talladega a 1973 ya ji masa rauni, ya kawo ƙarshen sana'arsa. Ya rasu a 1990.

A 2015 NASCAR ta sa sunansa a zauren gwarazanta. A watan Agusta na 2021, kusan shekara 58 bayan tseren Jacksonville, ta miƙa wa iyalansa kofi a filin Daytona.