Tanadin tsufa ba na ma'aikata ba ne kaɗai

Yau hirarmu kan tsufa take.

Wasu na cewa tanadin tsufa sai mai albashi. Gaskiya ne, mai albashi ana cire masa wani abu kowane wata, in ya bar aiki a riƙa biyansa. Manomi da mai sana'a ba wanda ke cire musu. Su ne za su yi wa kansu.

Wani ya ce: "Ɗiyana su ne rumbuna." Allah ya yi musu albarka. Amma ɗan da ya tafi bida Abijan ko Libiya, wata shekara ya aiko, wata shekara shiru.

Wani ya ce: "Ina da bisashe." Ku tambayi tsofaffi abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa garke. Kada ku tara dukiya wuri guda: ga akuya, ga gona, ga garkar albasa, ga kuɗin ajiya.

Wani ya ce: "Sai na samu da yawa." Ku ɗauki alli mu lissafa. Dala 20 kowace kasuwar mako, a shekara sun zama jika 5 da dala 40. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a jihar Maradi a 1991, da irin wannan zubi suke aiki.

Yanzu kun iya rubutu. Ku sayi littafi, kowane zubi ku rubuta shi da ranarsa.

Sai mako mai zuwa.