Ciki Mai Manta Kyautar Jiya

A unguwannin masana'antu na Kano, watau Bompai wadda ta girme su, da Sharaɗa, da Challawa inda majemu suka fi yawa, akwai ma'aikatun da injinsu ba ya kwana. Waɗansu ma'aikata na shiga da safe, waɗansu da dare. Amma da mai aikin safe da mai aikin dare, ko babu agogo, ciki kan gaya wa kowa lokacin cin abinci ya yi. To, wane ne ke kai wannan labari? Mutanen da sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Likitocin zamani kuwa sun bi diddigi har sun gano jakadun da ke tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa.

Mai karatu ya sani, a gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi, bai fi ƙwayar gyaɗa girma da yawa ba. Shi ne kamar fadar da ake yanke hukuncin yunwa da ƙoshi. Jakadun da ke kawo masa labari waɗansu sinadarai ne masu bin jini, ana kiransu homon.

Na fari shi ne girelin, jakadan yunwa. Tumbi ne ke yinsa. Masana biyu na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa, da abokan aikinsu, su suka gano shi a 1999. Yakan hau cikin jini gab da lokacin da mutum ya saba cin abinci, in an ci kuma ya sauka. Watau yana koyon al'adar mai shi, kamar yadda doki ke sanin lokacin harawa. In lokacin ya wuce ba a ci ba, yakan lafa da kansa. Shi ya sa mai azumi kan ji yunwa ta taso da hantsi ko da azahar, sa'an nan ta kwanta, kuma kwanakin farko na watan sun fi na tsakiya wuya ga yawancin mutane.

Na biyu shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a birnin New York na Amurka a 1994. Wannan kitsen jiki ne ke yinsa, aikinsa kuwa irin na ma'aji ne: yana gaya wa ƙwaƙwalwa abin da ya rage a rumbu. In kitse ya ragu, leftin ya ragu, sai fada ta ba da umurni a nemi abinci. A 1997 likitocin Cambridge a Ingila suka ba da labarin yara biyu 'yan dangi ɗaya da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin. Ba su ƙoshi ko kaɗan, suka yi ƙiba mai ban tsoro. Da aka soma yi wa irin waɗannan yara allurarsa, sai yunwar ta kwanta, jiki ya sauka. Amma fa yawancin masu teɓa leftin ɗinsu na da yawa, ƙwaƙwalwa ce ta daina sauraronsa. Har wa yau, wanda ya rage ci don ya rame, girelin ɗinsa kan ƙaru. Ashe ba kowane mai ƙiba ne ya cancanci a kira shi mai haɗama ba.

Akwai kuma jakadun ƙoshi da hanji ke aikowa sa'ad da abinci ya iso shi. Waɗannan ba su da gaggawa. Wanda ya yi lomar hasafi a tsaye don kada a rufe ƙofar ma'aikata, sau da yawa yakan wuce ƙoshi kafin labarin ya isa fada. Ɗaya daga cikinsu, mai suna GLP-1, shi aka kwaikwaya aka yi allurar Ozempic ta masu ciwon sukari, wadda Amurka ta yarda da ita a 2017.

Inda zancen ya fi shafar mai aikin dare shi ne barci. A 2004 masana a Jami'ar Chicago suka hana waɗansu samari barci sai awa 4 a dare, har dare biyu. Leftin ɗinsu ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, girelin ya ƙaru da kashi 28, sha'awarsu kuwa ta karkata ga kayan zaƙi da na gari. Saboda haka leburan da ya tashi aiki da asuba bai rintsa ba, in ya zarce teburin mai shayi ya nemi burodi da shayi mai sukari, ya ƙara da lemon kwalba, ba kwaɗayi kaɗai ke jansa ba. Haka malamin da ya raba dare yana rubutu, da falken da ya kwana bisa hanya.

Abinci ma ba ɗaya ba ne wajen sallamar jakadan yunwa. Wake da gyaɗa da nono da ƙwai da nama sukan kwantar da shi ya daɗe bai tashi ba, haka tuwon gero ko na dawa da miyar ganye. Ruwan zaƙi kuwa wucewa yake yi, ya bar sukari cikin jini, ya bar ciki yana neman ƙari. Kuɗin lemon kwalba da biskit, in aka sa su a ƙosai ko alale ko fura da nono marar sukari, sun fi kai ma'aikaci ƙarshen aikinsa. Ɗan kasuwar Singa ko Kantin Kwari da ke yini zaune, shi ya fi bukatar lura, domin abin da ya ci ba ya ƙonewa, kuma ƙiba na buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini.

Abin da ya kamata dai shi ne mutum ya tsayar wa cinsa lokaci, ya zauna ya tauna a hankali, ya biya bashin barci da rana in dare ya kuɓuce masa, ya yi sahur da abinci mai riƙe ciki. Barin gurbi a ciki, wanda malamai suka daɗe suna horo da shi, yana ba jakadun ƙoshi damar isowa. Wanda kuwa ya ga yunwa da ƙishirwa da yawan fitsari sun matsa masa, ga shi yana ramewa, lalle ya tafi asibiti a auna jininsa. Allah ya ƙara lafiya, amin.