Gurbi 80, Wata 144: Lissafin Ɗan Baya Daga Filin Kademi Zuwa Babban Rukuni

Ƙungiyoyi 20 ne ke buga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, wato NPFL. Kowacce kan fito da 'yan baya huɗu: lamba biyu, lamba uku, lamba biyar da lamba shida, kamar yadda muke kiran su. Ka ninka 20 sau 4, ka sami 80. Iyakar guraben ke nan da ake da su kowane mako ga duk mai neman abinci da tsaron baya a babban rukuni. A ƙidayar 2006 mutanen Najeriya miliyan 140 ne, ke nan gurbi ɗaya na mutum miliyan 1.75 ne. A wannan ƙidayar ƙaramar hukumar Gaya tana da mutum 201,016, Ajingi tana da 174,137, jimla 375,153. Da rabon daidai ake yi, da kason Gaya da Ajingi gaba ɗaya da kaɗan ya haura ɗaya bisa biyar na gurbi guda. Duk Jihar Kano, da mutanenta miliyan 9.4 na wancan lokaci, gurbi biyar za ta tashi da shi.

Saboda haka yaron da ke tare baya a filin makaranta a Kademi ta ƙaramar hukumar Gaya, ko da ya fi kowa iyawa a gundumarsa, mafi yawan rayuwarsa ta ƙwallo a ƙasa zai yi ta: gasar kofin wani ɗan siyasa, ƙungiyar unguwa a Gaya ko Wudil, sai rukuni na uku da ake kira NLO, sai na biyu, NNL. Ƙungiya huɗu kan hau daga NNL kowace kaka, huɗu su faɗo. Huɗu sau huɗu, guraben 'yan baya 16 ke nan ke buɗewa ta wannan ƙofa, kuma ba duka ne na waɗanda suka yi wahalar hawan ba, domin da zarar ƙungiya ta hau, abu na farko da shugabanninta ke yi shi ne sayo 'yan bayan da suka saba da babban rukuni. Wanda ya sha ƙura shekara guda sai ya tsinci kansa a benci, ko a ba shi takardar sallama.

Matsalar ɗan baya ta farko ita ce aikinsa ba ya shiga lissafi. Ɗan gaba yana da lambar da kowa ke gani: Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, nan take Turai ta kira shi. Ɗan baya kuwa ranar da ya fi ƙoƙari ita ce ranar da allo ya nuna sifili. A manyan gasannin Turai ana ƙirga kowace tarewa, kowane tsalle na kai da kowane fasin da ya isa inda aka nufa. A ƙananan rukunanmu takardar alƙalin wasa ce kawai ke ajiye tarihi, ita kuma abin da ta sani shi ne wanda ya ci, wanda aka canja da wanda aka ba kati. Ke nan sunan ɗan baya ya fi shiga takarda ranar da ya yi laifi.

Ko a sama haka abin yake. Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a gasar lig ba, wasa sama da 200, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. A cikin waɗannan shekaru ta ɗauki kofi sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Irin wannan tarihi aikin baya ne kafin ya zama aikin kowa. Amma shiga gidan kallo a Gaya ka ce a lissafo maka gwanayen wancan zamani, za ka ji Rabi'u Ali, ka ji Gambo Mohammed, kafin wani ya tuna da lamba biyar. Kyautar Ballon d'Or ma da aka fara a 1956, 'yan baya uku kacal suka taɓa ɗauka: Beckenbauer sau biyu, Sammer a 1996, sai Cannavaro a 2006.

Akwai ranar da ƙananan rukunan Najeriya suka fitar da alƙaluman da duniya ta ji, kuma ba na alheri ba ne. A watan Yulin 2013, a wasannin neman shiga rukunin ƙasa na Nationwide, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ana 7-0 da 6-0. Wato a minti 45 na biyu an zura 72 a wasa ɗaya, ƙwallo guda kowane daƙiƙa 37 da rabi, lokacin da da ƙyar ya isa a ɗauko ƙwallo daga raga a kai tsakiyar fili. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin shekara goma. Abin lura a nan: idan za a sayar da wasa, gola da 'yan baya ake fara nema, domin su ne ƙofa. Mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi shi ne kuma aka fi jarraba wa da kuɗi.

Mu koma kan albashin. Wajen 2014 hukumar LMC mai gudanar da babbar gasa a lokacin ta sa naira 150,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin ɗan wasa a wata. A lokacin mafi ƙarancin albashin ma'aikaci naira 18,000 ne, ke nan ɗan ƙwallo ya ninka shi fiye da sau takwas. Dala tana wajen naira 160, albashin ya haura dala 900. Ka ɗauki wannan 150,000 ɗin ka kawo ta 2024: mafi ƙarancin albashi ya zama 70,000, ninkin ya dawo biyu da ɗan kai, dala ta kai 1,500, kuɗin ya koma dala 100. Wannan fa ma'aunin babban rukuni ne. Wanda ke NNL ko NLO yana ƙasa da nan, wasu ma alawus na wasa da kuɗin mota ne kawai abin da ke shiga aljihunsu.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2016 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta tambayi 'yan ƙwallo kusan 14,000 a ƙasashe 54. Kashi 45 cikin 100 ba sa samun dala 1,000 a wata, kashi 21 ba sa kai dala 300, kashi 2 kacal ke samun sama da dala 720,000 a shekara. Waɗannan kashi biyun su ne muke biyan kuɗi mu kalla ranar Asabar, su ne yara ke manna hotonsu a ɗaki. Lambar da ta fi damuna ita ce 41: kashi 41 sun ce an yi musu jinkirin albashi a cikin kaka biyu da suka gabata. Tsawon kwantiragi kuwa, a matsakaici, bai cika shekara biyu ba.

Yanzu a ɗauka yaro ya fara karɓar albashi yana da shekara 20, ya rataye takalmi yana 32. Shekara 12 ke nan, wata 144. Ma'aikacin gwamnati yana da shekara 35, wata 420, da fansho a ƙarshe. Daga cikin 144 ɗin nan a cire watannin hutun kaka da ƙananan ƙungiyoyi da yawa ba sa biya, a cire watannin yawon gwaji daga wannan sansani zuwa wancan, a cire na bashin da ba a taɓa biya ba. Sannan a cire rauni. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana cin wata shida zuwa tara, wani lokaci shekara cur. Ga mai kwantiragin kaka ɗaya, wannan ƙarshen aiki ne. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ƙaramar ƙungiya ya san yadda jinyar take: ruwan zafi a roba, tsumma, man zafi, bandeji da aka wanke aka sake ɗaurawa, in abin ya ƙi sai a kai shi gidan mai ɗori. Ƙashi mai ɗori ke gyarawa. Jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa sai hoto da tiyata.

Hanya ma tana da nata kaso. Wasa 19 cikin 38 a waje ake yi, kuma daga Kano zuwa Legas ko Fatakwal tafiyar kilomita dubu ce ko kusa da haka, yawanci a mota. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, za su Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Zakarun ƙasa ke nan a lokacin, balle ƙungiyar da ke cusa mutum 20 a bas ɗaya.

To, ana fita kuwa? Ana fita, kuma misalai biyu mafi kusa da mu duk 'yan baya ne na hagu, duk kuma ta ƙananan rukunai suka bi. Jamilu Collins, haifaffen Kaduna a 1994, ya yi shekaru a Kuroshiya, ƙungiyar Rijeka tana ba da aron sa daga wannan ƙungiya zuwa waccan. A 2017, yana da shekara 23, ya koma Paderborn a rukuni na uku na Jamus. Suka hau na biyu a 2018, suka hau Bundesliga a 2019, har ya zura wa Bayern Munich ƙwallo daga nesa. Zaidu Sanusi, ɗan Jega a Jihar Kebbi, an haife shi a 1997, ya buga wa Mirandela a rukuni na uku na Fotugal, ya koma Santa Clara a 2019, sai Porto a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin lig. Dukansu sun kai shekara 22 ko 23 suna rukuni na uku ko suna barin sa. Ɗan baya ba ya nuna da wuri, kamar dawa yake, ba kamar gero ba, don haka ƙungiyar da ke sallamar lamba biyar ɗan shekara 21 wai bai yi suna ba, ta yi gaggawa. Sai dai a ƙara da wannan: Jamilu ya tsinke jijiyar gwiwa a Cardiff a 2022, Zaidu a Porto a 2024. Sun dawo fili ne saboda suna da kwantiragi a rubuce da ƙungiyar da ta biya tiyata.

Nan ne takarda ke shigowa, kuma nan ne garuruwa irin su Kademi ke asara ba su sani ba. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowacce tana da kashi 0.25, daga 16 zuwa 23 kowacce kashi 0.5. Idan aka sayi yaro Yuro miliyan 1, ƙungiyar da ta riƙe shi yana 16 da 17 tana da Yuro 10,000, sama da naira miliyan 15 a canjin 2025, kuma haƙƙin yana dawowa duk lokacin da aka sake irin wannan ciniki. Tun Nuwamba 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke tura waɗannan kuɗaɗe. Sharaɗin ɗaya ne: ƙungiyar ta kasance mai rajista, yaron ma an yi masa rajista da sunanta. Kocin da ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, ba rajista, kasonsa sifili ne.

Dokar ta tanadi wasu lambobi uku da ya kamata kowane uba ya haddace. Ba a fitar da yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun halaye. Duk ejan ɗin da ya zo da zancen kai ɗan shekara 16 Turai, yana neman a sayar da gona a ba shi kuɗin biza, a rufe masa ƙofa. Ɗan ƙasa da 18 ba ya sa hannu a kwantiragin da ya wuce shekara uku. Kuma ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu yana da damar ba da wa'adin kwana 15 a rubuce, in ba a biya ba ya kama gabansa.

A 2025 Barau FC ta hau babban rukuni ta tarar da Pillars, guraben 'yan baya a Kano suka tashi daga huɗu zuwa takwas. Ci gaba ne, amma takwas ne dai ga jiha mai ƙananan hukumomi 44. Masu ƙungiyoyi a Kademi, Gaya da Ajingi, ku je hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ku yi rajista, ku yi wa yaranku da shekarunsu na gaskiya. Iyaye kuma, ku bar yaro ya buga, amma kada ya sa hannu a takardar da ba a ba shi kwafinta ba, kada kuma ya saki makaranta ko sana'ar hannu saboda aikin wata 144.