Sabis ya dawo, amma wayar ba ta kamawa: Abin da ke faruwa bayan an kai waya gyara

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, bisa buƙatar gwamnatin Aminu Bello Masari a yaƙin da take yi da 'yan bindiga. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na cikinsu, kuma da aka fara maido da sabis a watan Disamba, suna cikin waɗanda suka ƙara jira. Tun daga lokacin ba wanda zai koya wa mutanen yankin darajar sanda ɗaya ta sabis: da ita ake tura kuɗi a POS, da ita ake sanar da ƙauyen gaba cewa an ga babura a daji.

Sai dai akwai wani yankewar sabis da ba ruwan gwamnati ko kamfani a ciki. Mutum ya kai wayarsa a canza masa bakin caji, ta dawo tana caji lafiya lau, amma a dandalin da a da yake kira ba wahala, yanzu sai ya hau tudu.

Wuta ba ta tafiya sai da hanyar dawowa

Duk mai haɗa sola ya san waya ɗaya ba ta kunna ƙwai, sai biyu: ta zuwa da ta komawa. Haka saƙo yake a kan fanel ɗin waya. Siririn layin tagulla ne ke kai shi, wani shimfiɗaɗɗen faranti na tagulla da ke ƙarƙashin layin kuma shi ke maido da wutar.

Inda aka bambanta shi ne sauri. Wutar batir takan bazu ta bi duk inda ta samu sauƙi. Amma saƙon GSM da ke kaɗawa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a daƙiƙa ɗaya, wutarsa mai dawowa manne take da layin da ya kai ta, tana bin ƙarƙashinsa sawu da sawu. In ta tarar da giɓi dole ta zagaya, kamar direban da ya iske gada ta karye. Wannan zagayen ne asarar: wani ɓangare na saƙon ya koma inda ya fito, wani ya watse ya zama hayaniya ga sauran layuka. Tsawon igiyar saƙon miliyan 900 bai wuce santimita 33 ba, don haka zagayen santimita kaɗan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Mahaɗa ita ce inda farantin nan ke ƙarewa, shi ya sa matsalar ta fi yawa a can. Bakin USB-C na da ƙafafu 24, huɗu daga ciki aikinsu maido da wuta ne kawai. Ba ado ba ne.

A yawancin wayoyin da ake riƙewa a yankin, irin su Tecno da Itel da Infinix, bakin caji yana kan wani ƙaramin fanel a gindin waya, kuma eriya ma nan take taɓawa. Wata siririyar igiya, baƙa ko fara, ita ke haɗa shi da babban fanel. Zaren tsakiyarta ke ɗaukar saƙo, rigar ƙarfen da ta lulluɓe shi ita ce hanyar dawowa, kuma an auna su su dace da om 50. Kanta bai kai ƙwayar dawa ba. In bai zauna daram ba, ko ya lotse, ko aka sa ƙaramin fanel mai araha wanda aka rage wa kayan daidaita eriya, wayar za ta yi caji, za ta kunna, amma kunnenta ya yi nauyi.

Haka ƙananan kusoshin da kan yi saura a kan tebur bayan an rufe waya. A wayoyi da dama su ne ke danne fanel a jikin ƙarfen waya, wato su ma hanyar dawowa ce. Murfin ƙarfen da ake ɓamɓarewa a ƙi mayarwa shi ma haka.

Me ya sa mita ba ta nunawa?

A nan ba za a ɗora wa mai gyara laifin duka ba. Mitar da ke hannunsa da wutar batir take gwaji. Muddin akwai wata hanya, komai nisanta, za ta yi ƙara ta ce layi a haɗe yake. Na'urar da ke ganin irin wannan ciwo kuɗinta ya fi ƙarfin rumfar gyara. Kuma in a tsakiyar Funtuwa ko kasuwar Farm Centre ta Kano aka gwada wayar, kusa da turakun sadarwa, sandunan za su cika ko da rabin ƙarfin ya zube. Sai an koma ƙauye asiri ke tonuwa, inda abin da ke isowa wayar kan yi ƙasa har zuwa kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na wat.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A wayar Android, cikin saiti, wajen bayanin halin da layin SIM ke ciki, akwai lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta. Kusan -85 sabis ne mai kyau, -110 kuwa ana bakin yankewa. Duk faɗuwar maki 3 na nufin rabin ƙarfin ya tafi. A rubuta lambar kafin a ba da waya, a sake dubawa a wuri ɗaya da layi ɗaya bayan an karɓo. Lambar takan ɗan yi rawa, amma in ta sauka da maki 10 ta tsaya a nan, a koma wa mai gyara ya sake danna kan igiyar eriya, ya kuma ƙirga kusoshinsa.