Hanyoyin Buɗe Sef Mai Aiki da Lantarki Idan Ya Ƙi Buɗuwa ga Mai Shi

1.0 Gabatarwa

Tun kafin zuwan kayan zamani, Bahaushe yana da wuraren adana dukiyarsa, kamar adaka da asusu da tukunyar da ake binnewa a ƙuryar ɗaki. A yau kuwa, 'yan kasuwa da ma'aikata da magidanta da yawa sun koma ga akwatin ƙarfe da ake kira sef, kalmar da Hausa ta aro daga Ingilishi. A cikinsa ake ajiye kuɗi da gwala-gwalai da takardun fili da fasfo da shaidar kammala karatu. Wani nau'i na wannan akwati ba ya bukatar makulli a kullum, lambar sirri ake danna masa ya buɗe. Sai dai akan wayi gari mai akwatin ya danna lamba ƙofa ta ƙi motsi, ga shi kuma yana da bukatar abin da ke ciki cikin gaggawa. Wannan babi zai yi bayanin yadda akwatin ke aiki, da dalilan da ke sa ya ƙi buɗuwa, da matakan da mai shi zai bi ya kai ga kayansa ba tare da ya yi asarar akwatin ba.

2.0 Yadda Sef Mai Lantarki Ke Aiki

Sassa biyar ne ke haɗuwa su buɗe ƙofar: allon madannai da ke waje, da batir, da 'yar ƙwaƙwalwar da ke riƙe da lambar sirri, da wani ɗan harshen ƙarfe da maganaɗisu ke ja, sai kuma sakatun da ke shiga jikin akwatin. Idan aka danna lamba, ƙwaƙwalwar takan gwada ta da wadda aka ajiye mata. In sun dace, sai ta tura wuta ga maganaɗisun ya janye harshen na 'yan daƙiƙoƙi, a lokacin ne mariƙin ƙofa zai iya juyawa ya zare sakatun. A wasu akwatunan, ƙaramin inji ne ke yin wannan aiki a madadin maganaɗisu.

Abubuwa biyu ya kamata a riƙe a nan. Na farko, janye harshen ya fi kunna fitilar allo cin wuta nesa ba kusa ba. Na biyu, ƙwaƙwalwar ba ta manta lambar sirri don batir ya mutu, tana nan yadda aka bar ta.

3.0 Dalilan Ƙin Buɗuwa

Raunin batir shi ne kan gaba. Allo zai iya yin ƙara, fitila ta kama, amma ƙarfin da ya rage bai isa ya ja harshen ba. Wannan ne ke ruɗar mutane da dama, su ɗauka akwatin ya lalace.

Dalili na biyu shi ne horon jira. Masu ƙera waɗannan akwatuna sun tsara cewa idan aka danna lambar da ba daidai ba sau uku zuwa biyar a jere, allon zai daina karɓar komai na wasu mintoci. Hikimar ita ce a hana ɓarawo yin canke. Lamba mai alƙaluma 6 tana da fuskoki 1,000,000. Idan akwati yana tsayawa na minti 5 bayan kowane kuskure huɗu, mai son gwada su duka zai shafe fiye da shekara biyu yana dannawa dare da rana. Wannan kariya ba ta bambanta ɓarawo da mai kaya, duk wanda ya yi kuskure sai ya jira.

Dalili na uku shi ne matsi a kan sakata. Idan aka cika akwati maƙil, kayan ciki kan tokare ƙofa, sakatun su cije. Haka kuma, idan aka murɗa mariƙi kafin a gama danna lamba, ana danne harshen ne ya kasa janyewa. Sauran dalilan sun haɗa da mantuwa da lambar, da tsinkewar wayar da ta haɗa allo da ƙwaƙwalwa, da tsatsar da ruwan tsohon batir ko laimar damina ke haifarwa.

4.0 Matakan Buɗewa

Ƙa'idar ita ce a fara da mataki mafi sauƙi, kada a tsallaka zuwa na gaba sai wanda ke gabansa ya gaza. Hausawa na cewa gaggawa aikin Shaiɗan.

4.1 Dakatawa

Idan allo ya yi shiru bayan kurakurai, a janye hannu a ba shi kamar minti 20. A wasu akwatunan ci gaba da dannawa yana tsawaita horon, cire batir kuma ba ya share shi. Bayan lokacin ya cika, a mayar da mariƙi mazauninsa, a tura ƙofar ciki da tafin hannu don a sassauta wa sakatun, sannan a danna lambar a tsanake, a murɗa mariƙin nan take.

4.2 Sauya Batir

A nan akwatunan sun kasu gida biyu. A manyan sef, batirin yakan kasance a cikin allon madannai daga waje, galibi mai kusurwa huɗu mai ƙarfin bolt 9. Zare shi kawai za a yi a sa sabo. A ƙananan sef na gida da na otal kuwa, batura huɗu ne ƙanana da ake kira AA, kuma suna bayan ƙofa daga ciki. Saboda haka ne wasu kamfanoni ke haɗa akwatin da ɗan gidan batir mai waya da ake soka wa a wata kafa a jikin allon, ko su bar ƙarafa biyu a waje inda za a manna batir a ba shi wuta ta wucin gadi. A kowane hali, a yi amfani da sabon batir nau'in alkalin. Batura masu araha da ake sa wa tocila sau da yawa ba su da ƙarfin da ake bukata ko da sababbi ne.

4.3 Makullin Ko-ta-kwana

Yawancin ƙananan sef suna zuwa da makulli na musamman. Kafarsa a ɓoye take, bayan tambarin kamfani ko ƙarƙashin wani ɗan murfin roba kusa da allo. Idan aka cire murfin, aka sa makullin aka murɗa tare da mariƙi, ƙofa za ta buɗe ko babu wuta sam. Da zarar an buɗe, a sauya batura. Idan mantuwa ce matsalar, akan sami ɗan maɓalli a bayan ƙofa wanda ake dannawa a saka sabuwar lamba.

4.4 Tuntuɓar Kamfani ko Dillali

Wanda ya manta lamba kuma ya ɓatar da makulli, sai ya nemi lambar shaidar akwatin, wadda akan buga a gefe ko a baya ko a jikin ƙofa. Da ita kamfani ko dillalinsa ke gano makullin da ya dace. Ba sa bayarwa sai an tabbatar musu da mallaka, ta hanyar rasiɗin saye da katin shaida, wani lokaci har da takardar rantsuwa. Wannan mataki yakan ɗauki kwanaki, amma akwatin zai tsira lafiya.

4.5 Kiran Gwani

Mataki na ƙarshe shi ne kiran ƙwararren mai gyaran sef. Shi ya san inda zai huda 'yar ƙaramar kafa ya kai ga harshen, sannan ya toshe ta akwatin ya ci gaba da aiki. Ba kowane mai yanka makulli ko mai walda ne ya san wannan aiki ba.

5.0 Abubuwan da Ya Kamata a Guje wa

Kada a sa guduma ko a ɗirka wa ƙofar ƙarfe. Manyan sef suna da wata sakata ta ɓoye wadda ke faɗawa da kanta idan aka taɓa makullin da ƙarfi, kuma idan ta faɗa, lambar gaskiya ma ba za ta buɗe ƙofar ba. Haka nan yanka akwati da wutar walda yana iya ƙone kuɗi da takardun da ake ƙoƙarin cetowa, ya kuma lalata abin da aka cusa a bangonsa don kare gobara.

Akwai kuma batun haƙƙi. Idan mai akwati ya rasu bai bar lamba ba, abin da ke ciki ya zama dukiyar gado. Bai dace magaji ɗaya ya kira gwani shi kaɗai ba. A buɗe a gaban sauran magada da shaidu, ko bisa umarnin kotu, a rubuta duk abin da aka tarar, domin kauce wa zargi da ɓacin zumunci.

6.0 Rigakafi

A riƙa sauya batir sau ɗaya a shekara ko da bai nuna rauni ba. Kada a ajiye makullin ko-ta-kwana a cikin akwatin da aka yi shi dominsa, kuskuren da mutane da yawa ke yi ranar da suka sayo shi. A sauya lambar da akwati ya zo da ita daga kamfani, domin sau da yawa sananniya ce kamar 123456. Duk lokacin da aka saka sabuwar lamba, a gwada ta sau uku ƙofa tana buɗe kafin a rufe. A ƙarshe, a rubuta lambar shaidar akwatin a adana tare da rasiɗi a wani wuri dabam, a kuma sanar da amintacce ɗaya inda makullin yake.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙin buɗuwar sef mai lantarki galibi ƙaramin abu ne ke jawo shi, kamar raunin batir ko horon jira ko matsin kaya. Wanda ya san yadda akwatinsa ke aiki, ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, zai kai ga kayansa ba tare da ya fasa abin da ya saya da kuɗinsa ba.

Tambayoyin Bita

1. Kawo sassa biyar na sef mai lantarki tare da bayanin aikin kowanne.
2. Me ya sa fitilar allo kan kama amma ƙofa ta ƙi buɗuwa?
3. Yi bayanin matakin da ya dace magada su ɗauka idan mai akwati ya rasu bai bar lamba ba.