Gyaran Nono Yana Iya Ɓoye Ciwon Daji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi wa malamai da akawuna wata magana da ake jin nauyin faɗi. A gafarce ni, zancen nonon mata ne.

A 1962 waɗansu likitoci biyu na birnin Houston a Amurka, Cronin da Gerow, suka fara sa wa mace 'yar jaka cike da silikon a ƙirji don nono ya cika. Yau har a Legas da Abuja ana yin wannan aiki. To, hoton da ake neman ciwon daji da shi, wato mamogiram, haskensa ba ya ratsa silikon. Jakar takan fito fari fat, ta tare naman da ke kusa da ita, ƙullutun daji kuwa shi ma fari yake fitowa. A 1988 wani likita, Eklund, ya fito da dabara: a tura jakar baya, a jawo naman gaba, a ɗauki hoto takwas maimakon huɗu. Amma fa sai mai ɗaukar hoton ya san da jakar tukuna.

Allura ta fi wannan muni nesa. In an ɗebo kitsen ciki an zuba a nono, wani ya kan mutu ya daskare, ya bar ɗigo-ɗigo masu kama da na daji, har sai an yanki tsoka an gwada. Silikon ko mai da wanda ba likita ba ya ɗura kuwa, watsuwa yake yi ya zama ƙulle-ƙulle, ya rufe hoton duka. Galibi sai na'urar MRI ke rarrabewa, ita kuwa tsada gare ta.

Ku duba wahalar macen da ta ji ƙullutu, ta taso daga Achilafiya ko Gwiwa, ta bi ta Kazaure har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga kuɗin mota, ga na hoto. In kunya ta hana ta faɗin abin da aka yi mata, tana iya komowa da takardar da ba ta nuna kome ba, alhali ciwon na nan yana ci. Sau da yawa ma don ta faranta wa mijinta ta yi, ko don tsoron kishiya.

Saboda haka duk wanda zai raka matarsa ko ƙanwarsa, ya ce mata ta gaya wa ma'aikaciya abin da aka sa, da shekarar da aka sa shi, tun kafin ta tsaya gaban na'ura.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Achilafiya.