Bakin Teku a Grand-Popo

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Tana da kogin Isa, tana da gulbi da tabkuna, tana da rabonta na tabkin Cadi. Amma wanda yake son ganin teku sai ya fita ƙasa. Hanyar da aka saba bi ita ce ta kudu: daga Yamai zuwa Doso, daga Doso zuwa Gaya. A Gaya a ƙetare kogi a shiga Malanbil, cikin ƙasar Benin. Daga nan sai Kandi, sai Paraku, sai Kwatano. Tafiyar ta fi kilometir 1000. Shekara da shekaru manyan motoci suka yi suna ɗauko kayan Nijar daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta wannan hanya. A shekarar 2023 aka rufe gadar Gaya saboda saɓani tsakanin hukumomi, matafiya suka koma ƙetare kogin da kwalekwale.

Kwatano birni ne mai hayaniya. Babura sun cika tituna, kasuwa ba ta barci. Bahaushe ba ya ɓata a can, gama akwai unguwar Zongo inda ake jin Hausa kamar a gida. Kuɗi ma ba a canza su, sefa ɗaya ce. To amma mai neman hutawa ba ya tsayawa a birnin. Sai ya hau mota ya nufi yamma, ya wuce garin Wida, ya yi kimanin kilometir 80. Kafin a kai iyakar Togo da kamar kilometir 20 akwai wani ƙaramin gari, sunansa Grand-Popo.

Garin yana kan wata siririyar ƙasa ta rairayi. Ta kudu ga tekun Atilantika, ta arewa ga kogin Mono da fadamunsa. A wasu wurare mutum zai tsaya ya ga ruwa ta dama, ya ga ruwa ta hagu. Bishiyoyin kwakwar Attagara sun yi layi a bakin gaɓa. Mutum yakan yi tafiyar sa'a guda kan rairayin bai gamu da kowa ba, sai masunta biyu ko uku suna ɗinkin taru.

Ruwan da ba a sha

Ɗan Maraɗi ko ɗan Tawa da ya zo karo na farko, ƙara yake fara ji tun bai ga ruwan ba. Ƙarar kamar ta hadari ce mai nisa, amma ba ta tsayawa, dare da rana. Igiyoyin ruwa ne suke tasowa suna fashewa bisa gaɓa. Iska ce take haifar da su can tsakiyar teku, su yi tafiyar dubban kilometir kafin su iso.

Abu na biyu shi ne teku ba shi da ƙetare. A bakin kogin Isa ana hango ɗaya gefen. A nan ruwa ne har inda ya gamu da sama. Abu na uku shi ne gishiri. A cikin kowane litir na ruwan teku akwai gishiri kimanin garam 35. Wanda ya sha shi, ƙishirwa ƙaruwa take yi. Ba a ba dabba, ba a ba shuka.

Teku kuma yana cika yana janyewa, sau biyu a kwana ɗaya. Ya ɗauki kamar sa'a 6 yana hawa, ya ɗauki kamar sa'a 6 yana sauka. Wata ne yake jan ruwan, rana kuma tana taimaka masa. Shi ya sa cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A wannan gaɓa bambancin bai da yawa, kamar metir 1 ne. Duk da haka ya isa ya tafi da takalmin baƙon da ya ajiye kusa da ruwa ya juya baya.

Masauki

Akwai otel-otel kaɗan a bakin gaɓar. Ba dogayen benaye ba ne irin na birni. Yawanci ƙananan ɗakuna ne a warwatse cikin inuwar kwakwa, wasu masu rufin ciyawa. Akwai wanda aka yi a cikin tsofaffin gine-ginen zamanin mulkin Faransawa. A ɗaki akwai gado da gidan sauro da fanka da makewayi. Gidan sauro ba ado ba ne. Fadamun Mono suna kusa, zazzaɓin cizon sauro kuwa bai san baƙo ba.

Ana fuskantar da tagogin ɗakuna wajen teku, kuma da dalili. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Iskar da ke bisa ƙasa ta yi zafi ta tashi sama, sai iska mai sanyi ta taso daga teku ta maye gurbinta. Ɗakin da ya buɗe wa wannan iska taga ba ya bukatar na'urar sanyi. Cikin dare abin yakan juya, iska ta fito daga ƙasa ta nufi ruwa.

Iskar nan tana da laima, tana da gishiri. Rigar da za ta bushe cikin rabin sa'a a Damagaram, a nan sai ta wuni bisa igiya. Kilishin guzuri yakan yi laushi. Ƙarfe kuwa, tsatsa ba ta ɗaga masa ƙafa: makulli, ƙusa, kwanon rufi, duka. Saboda haka mai otel kullum cikin gyara yake. Damina biyu ake yi a kudancin Benin, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba. Hunturu yana isowa a Disamba da Janairu, amma da ƙarfinsa ya riga ya ƙare a hanya.

Abinci na wurin ne. Kifin da aka kama da safe shi ake gasawa da rana. Akwai jatan lande, akwai ƙaguwa, akwai tuwon masara mai tsami da ake kira akasa, akwai garin rogo. Ana sare kan ɗanyar kwakwa da adda a sha ruwanta, sa'an nan a fasa ta a ci farin da ke ciki.

Wasu otel-otel sun gina wurin wanka na siminti, suna cika shi da ruwan daɗi. Baƙo yakan yi mamaki. Ga teku a gaba, ina amfanin kududdufi? Amsar tana da muhimmanci ƙwarai.

Tekun Grand-Popo yana cin mutane. Gaɓar tana da gangare, taku kaɗan ruwa ya wuce kai. Igiyoyi suna tura ruwa bisa rairayi ba fasawa, ruwan nan kuma dole ya koma. Wani lokaci yakan taru ya sami hanya guda, ya kwarara cikin teku da gudu kamar ƙorama bayan ruwan sama. Abin takaici, wannan wuri shi ya fi kama da wuri mai lafiya, don igiya ba ta fashewa sosai a cikinsa. Yaron da ya iya iyo a tabki ko a gulbin Maraɗi yana zaton ya san ruwa. Ruwan tabki a tsaye yake. Wannan kuwa yana ja. Wanda ya yi kokawa da shi don ya komo tudu kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Abin da ake koya wa mutane shi ne kada a yi gardama da ruwan. A bar jiki ya taso sama, a ɗaga hannu a nemi taimako. In an iya iyo, a yi shi a gicciye, wato a bi tsawon gaɓa har a fita daga ƙoramar. Amma abin da ya fi duka shi ne a tambayi mutanen gari, kuma kada ruwa ya wuce gwiwa.

Masu jan taru

Mutanen asalin wurin su ne Hwula, ana kuma ce musu Popo. Akwai Hweda da Mina tare da su. Sana'arsu su. Da sassafe maza suke tura babban kwalekwale cikin igiyoyi. Wannan shi ne wuri mafi haɗari, don igiya ɗaya tana iya kifar da jirgin. In sun wuce, sai su zagaya suna zuba taru, su komo da bakin igiyarsa tudu. Daga nan aiki ya zama na gari duka. Mutane su yi layi biyu, maza da mata da yara, suna ja suna waƙa. Jan yana ɗaukar sa'o'i. Baƙon da ya sa hannu ba a korarsa.

In taru ya fito, mata su ne masu ciniki. Su saya, su banda kifin da hayaƙi, su kai kasuwa. Wata rana taru ya cika. Wata rana bayan wahalar nan duka a sami kifi kaɗan da tarin leda.

Gabas da garin akwai wurin da kogin Mono yake shiga teku. Kogin ya taso daga ƙasar Togo, ya yi tafiyar kimanin kilometir 400. Turawan Fotugal suka kira wurin da harshensu "bakin kogi". Faransawa suka ji sunan a karkace, suka mai da shi Bouche du Roy, wato bakin sarki. Ana zuwa da kwalekwale, a ratsa tsibirai da wasu itatuwa masu tsayawa bisa saiwoyinsu cikin ruwa mai gishiri. A cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye suke girma. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sa wannan yanki na Mono cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Can gaba, kusa da Wida, matan ƙauyen Djègbadji suna kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har gishiri ya fito. Wanda ya san yadda ake gishirin Foga a ƙasar Gaya zai gane aikin nan take.

Abin da teku ya ci

Grand-Popo ba haka yake shiru tun asali ba. Da can babbar tashar ciniki ce. A zamanin cinikin bayi an fitar da mutane ta wannan gaɓa zuwa Amurka. Da aka hana cinikin, sai manja ya maye gurbinsa. Fatake suka gina manyan ɗakunan ajiya, Faransawa suka gina ofisoshi. Daga baya ciniki ya koma Kwatano, musamman da aka buɗe babbar tasharta a shekarar 1965. Teku kuma ya shiga cin tsohon gari. A unguwar Gbekon har yanzu ana ganin kangayen gine-gine, wasu kuwa suna ƙarƙashin ruwa.

Ga yadda cin yake. Igiyoyi ba sa bugun gaɓa kai tsaye, a karkace suke zuwa. Saboda haka kullum suna tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Muddin wani rairayin yana zuwa daga yamma ya maye wanda ya tafi, gaɓa tana nan. Koguna ne suke kawo shi. To, a shekarar 1965 aka gama dam na Akosombo bisa kogin Volta a ƙasar Gana, ya tare rairayi mai yawa. A 1968 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome, katangarta ta tare wani. A 1987 aka datse Mono kansa a Nangbeto. Waɗannan ayyuka sun ba mutane wutar lantarki da ciniki. Amma igiyoyi ba su daina ɗiba ba, sai suka riƙa ɗibar ƙasar da gidaje suke kai. Tsakanin 2022 da 2023 Benin da Togo suka haɗa kai, suka jera manyan duwatsu cikin ruwa, suka zuba rairayi mai yawa a gaɓar da ke kusa da iyakarsu. Mai otel yana cin abinci da kusancinsa da teku, kuma kusancin nan shi ne abin tsoronsa.

Sau ɗaya a shekara garin yake tuna da hayaniyarsa ta da. Lokacin bikin Nonvitcha ne, wanda aka kafa ƙungiyarsa a shekarar 1921. Ƴan asalin gari suna komowa daga Kwatano da Lome da ƙasashen waje, a yi kiɗa da rawa, a tara kuɗin aikin gayya. A kwanakin nan samun ɗaki sai wanda ya riga.

Baƙin dare

Shirun gaɓar yana jawo wasu baƙi da ba sa biyan kuɗin ɗaki. Su ne kunkurun teku. A watannin ƙarshen shekara, cikin dare, macen takan fito daga ruwa tana jan ciki. Ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai kimanin 100, ta rufe, ta koma. Ba ta kwanci kamar kaza. Zafin rairayi ne yake ƙyanƙyashe su cikin wajen wata biyu. In rairayin ya yi zafi sosai, mata suka fi yawa a cikin ƴaƴan. In ya yi sanyi, maza. Akwai wani iri mai baya kamar fata, wanda tsawonsa yakan kai metir 2.

Da can ana haƙe ƙwan a ci, ana yanka uwar. Yanzu doka ta hana. Wasu mutanen ƙauyuka suna sintiri da dare, su kwashe ƙwan da ke cikin haɗari su binne a wuri mai shinge, in an ƙyanƙyashe su saki ƴaƴan a bakin ruwa. Kowane ɗa bai cika tafin hannun yaro ba. Da ya fito daga rami, haske yake bi, gama a gaɓar da babu gidaje teku ya fi tudu haske cikin dare. Fitilar otel tana rikita shi, ya juya wa ruwa baya ya nufi tudu, inda kare da ƙaguwa da hankaka suke jiransa. Don haka ake roƙon masu otel su rage fitilun da ke fuskantar teku a wannan lokaci, baƙo kuma kada ya haska tocila a idon uwar tana cikin zuba ƙwai.